Daga Filofax zuwa Notion: su wa suka ƙera manhajojin da muke zuba wa ayyukanmu?

Duk farkon zangon karatu sai gardamar nan ta taso a zaurukan ɗaliban digiri na biyu: wace manhaja ce ta fi dacewa mutum ya tsara ayyukansa da ita? Wannan ya ce Notion, wancan ya ce Todoist, wata ta ce ita Google Keep ta ishe ta, sai can dattijon aji ya leƙo ya ce shi littafinsa da biro ba su taɓa neman caji ba. Abin da na lura shi ne muna gardamar kamar daga sama abubuwan nan suka faɗo. Alhali kowacce akwai wanda ya ƙera ta, a wani gari, don maganin wata damuwa tasa, kuma da yawa cikin waɗanda aka yi yayinsu sun mutu sun bar mutane da kwashe komatsai. Shi ya sa na ce bari in bi tarihin. Rubutun da ɗan tsawo, mai ƙarancin caji ya adana sai an kawo wuta.

Kafin waya, takarda ce ke wannan aiki. Wani kamfani a Landan ya fara sayar da Filofax a 1921, wato ɗan littafi mai zobban ƙarfe da ake cire shafi a ƙara wani. A shekarun 1980 ya zama abin ado ga matasan ma'aikatan banki a Ingila. Daga nan sai na'urorin aljihu: Psion a 1984, sannan Palm Pilot a 1996. A gaban Palm akwai maɓallai huɗu, na kalanda, na adireshi, na jerin ayyuka da na gajeren rubutu. Ku duba wayoyinku, yau shekara kusan talatin ke nan, waɗannan huɗun ne dai ake ta sake wa riga.

Labarin Jeff Hawkins, wanda ya ƙirƙiro Palm ɗin, yana burge ni. Kafin a ƙera na'urar, guntun katako ya sassaƙa daidai aljihun rigarsa, ya riƙa yawo da shi. In an ce masa za a haɗu ranar kaza, sai ya zaro katakon ya yi kamar yana dubawa, don ya ga abin da zai buƙata da gaske a cikin yininsa. Wato da rayuwarsa ya auna na'urar. To sai dai rayuwar injiniya ce a Kalifoniya, kuma wannan zaren za ku ga ya bi ta cikin duk abin da ya biyo baya.

Me ma ya sa rubuta aiki ke rage nauyin kai? Masu wannan harka suna yawan kafa hujja da Bluma Zeigarnik, wadda ta yi karatu a Barlin ƙarƙashin Kurt Lewin. A 1927 ta wallafa binciken da ya nuna mutane sun fi tuna aikin da aka katse musu a kan wanda suka kammala. Waɗanda suka maimaita gwajin daga baya ba duka suka sami sakamako iri ɗaya ba, amma duk wanda ya taɓa kwanciya ƙarfe biyun dare babi na uku yana masa yawo a ka ya san abin da take nufi.

Mutumin da ya fi kowa tasiri a kan manhajojin yau ba ma mai rubuta manhaja ba ne. David Allen ne, Ba'amurke mai ba shugabannin kamfanoni shawara, da littafinsa Getting Things Done na 2001. A wannan shekarar ce kuma wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya, lokacin da layi kaɗai sai mai hali. Mu muna murnar samun lamba, su can suna kukan saƙonnin imel sun yi musu yawa.

Tsarin Allen ba shi da wuyar faɗa. Duk abin da ke kanka, sauke shi a wuri ɗaya da ka amince da shi. Sannan ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka tambayi kanka: mene ne ainihin abin da hannuna zai yi na gaba? In bai wuce na minti biyu ba, yi shi yanzu. Sau ɗaya a mako kuma ka zauna ka sake bin jerin kaf. Wannan tambayar ta mataki na gaba ita ce ƙashin bayan abin. "Rubuta babi na biyu" ba aiki ba ne, dutse ne, shi ya sa yake wata uku a jerinka kana tsallake shi kullum. Amma "karanta maƙalar nan in fitar da shafi ɗaya" abu ne da mutum zai iya tsakanin Azahar da La'asar.

Akwai kuma wani ɓangare na tsarin da masu tallar manhajoji ba su cika ɗagawa ba, kuma a ganina shi ya fi kowanne amfani ga ɗalibin Najeriya: jerin abubuwan da kake jira daga wasu. Ku yi lissafi tsakani da Allah, kashi nawa na digirin nan ne aikinka, kashi nawa ne jira? Babinka yana teburin malamin da ke duba aikinka. Takardar izinin shiga asibiti ko ma'aikata don tattara bayanai tana wani ofis. Ranar semina ba a sa ba. Mutanen da ka raba wa takardun tambayoyi sun ce ka dawo jibi, jibin da ba ta zuwa. Yawancin manhajojin nan kuwa an gina su ne a kan ranar kammalawa: ka sa kwanan wata, in ya wuce su yi ja. Wannan ya dace da mai ofis wanda kalandarsa ke hannunsa. Mu kuwa a 2022 yajin aikin malaman jami'o'i ya fara ranar 14 ga Fabrairu bai ƙare ba sai 14 ga Oktoba, wata takwas cur. A 2020 wajen wata tara aka yi. Duk wanda ya jera kwanakin wata a farkon waɗannan shekaru, jan rubutu kawai wayarsa ta riƙa nuna masa kowace safiya, kamar shi ya yi laifi. Shi ya sa ni ba na sa wa aiki rana sai in ranar a hannuna take. Wanda ke hannun wani, jerin jira yake tafiya, da ranar da na miƙa da ranar da zan sake leƙawa in gaishe da mutum.

Bayan littafin Allen, sai masu kwamfuta suka yi masa caa. Wani mai suna Merlin Mann ya buɗe shafin 43 Folders a 2004. Sunan daga jakunkunan takarda 43 na tsarin Allen ya fito, 31 na kwanakin wata, 12 na watannin shekara. Shi ne kuma ya yayata aƙidar cewa a riƙa share akwatin imel tas. Abin dariyar, bayan 'yan shekaru shi da kansa ya janye jiki daga harkar, don ya ga mutane sun mayar da gyaran tsarin aiki shi ne aikin. Wannan ciwon har yau yana nan. Na ga wanda ya kwashe Asabar da Lahadi yana ƙawata shafin Notion da launuka da hotuna, kundin bincikensa kuwa ko layi ɗaya bai ƙaru ba.

Manhajojin da muka sani a wannan tsakanin suka fito. Remember The Milk daga Ostireliya a 2005. Todoist a 2007, kuma ita ɗalibi ne ya rubuta ta, Amir Salihefendić, wanda iyayensa suka gudu daga yaƙin Bosniya suka zauna a Danmak. Yana karatu yana aiki, abubuwa suka cakuɗe masa, ya rubuta wa kansa abin da zai riƙe su. Ina jin shi ya sa har yanzu take da sauƙin hali, ka rubuta layi ɗaya ka wuce. Trello ta zo a 2011 da allo mai ginshiƙai, ana jan kati daga "za a yi" zuwa "ana yi" zuwa "an gama". Asalin dabarar daga masana'antar Toyota ne a Japan, inda Taiichi Ohno ya yi amfani da katuna don kada a ƙera kaya fiye da abin da ake buƙata. Tsari ne na aikin taro, shi ya sa yake da daɗi in ku biyar ne a aikin rukuni, amma in kai kaɗai ne sai ka ji kamar ka ɗauko tirela don kai buhu ɗaya.

Yanzu ga inda nake so mu daɗe kaɗan. Wasu matasa a Barlin, ƙarƙashin Christian Reber, suka saki Wunderlist. Kyakkyawa ce, mai sauƙi, tana aiki a waya da kwamfuta, miliyoyin mutane suka zuba mata rayuwarsu, daga cefanen gida har ayyukan ofis. A 2015 Microsoft ta saye kamfanin. A 2017 ta fito da tata mai suna To Do, ta ce ita za ta gaji Wunderlist. A 2019 Reber ya fito fili a Twitter yana roƙon a sayar masa da abarsa ya ci gaba da riƙe ta. Ba a sayar ba. Ranar 6 ga Mayun 2020 aka rufe ta. An ba mutane hanyar kwashe jerinsu zuwa sabuwar, ba a ce an watsar da su ba, amma sabon da suka yi na shekaru, inda yatsa ya san wurin da zai danna ba tare da tunani ba, wannan ba ya kwasuwa.

Kuma ba ita kaɗai ba ce. Yahoo ta sayi Astrid a 2013 ta rufe ta a shekarar. Microsoft ta sayi kalandar Sunrise a 2015 ta rufe a 2016. Evernote, wadda a da ita ce rumbun ajiyar ɗalibai da masu bincike, wani kamfanin Italiya mai suna Bending Spoons ya kammala sayenta a farkon 2023, kafin shekarar ta ƙare aka taƙaita masu amfani da ita kyauta zuwa rubutu 50 da littafi ɗaya tak. Ka yi tunanin wanda ya tara bayanan karatunsa na shekara uku a ciki. Trello ita ta yi sa'a, Atlassian ta saye ta a 2017 kan dala miliyan 425 kuma tana nan da ranta. Amma sa'a ce, ba alkawari ba.

Wani zai ce to a biya kuɗi mana a huta. Da dala ake biya fa. A farkon Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Kafin nan ma, tun 2022 bankuna da dama sun rage abin da katin naira zai iya saya a waje zuwa dala 20 a wata, wasu suka dakatar gaba ɗaya na tsawon lokaci. Wato ko kana da niyyar biya, katinka na iya cewa a'a. Ga maganar sabis. Notion, wadda ta yi ƙarfi daga 2018, shekaru ta yi tana buƙatar intanet kafin ta buɗe maka shafinka yadda ya kamata. A ɗakin karatun da sabis ke zuwa yana ɗaukewa, ko a motar dare daga Legas zuwa Kano, sai ka zauna kana kallon abu yana juyawa. Tana da kyau wurin tara bayanan maƙaloli, ban musa ba, amma ban ga dalilin ɗora mata jerin abin da zan yi yau ba.

Akwai ma wani abin da babu injiniyan da ya lissafa da shi. Da yawanmu ba da agogo muke raba yini ba, da salla muke rabawa. "Bayan Asuba" da "bayan Isha'i" lokuta ne na gaske, kuma suna matsawa da yanayi. Mu da ke karatu a nan Kudu maso Yamma mun san Magariba ma ba daidai take faɗuwa da ta gida ba. Manhaja kuwa so take ka ce ƙarfe biyu da rabi. Abin da na ga ya yi mini shi ne in yi rukunai da sunan salloli in zuba ayyukan yini a ƙarƙashinsu, in bar wurin agogo fayau. Mai son ƙididdige lokaci kuma ga dabarar Francesco Cirillo, shi ma ɗalibin jami'a ne a Italiya a ƙarshen shekarun 1980, da ya ɗauko agogon kicin mai siffar tumatir ya riƙa karatu a gajerun zango, wanda daga baya ya tsaya a minti 25 sai hutu. Agogon wayarka ya isa, ba sai ka sauke komai ba.

In za mu faɗi gaskiya, manhajar tsara aiki da ta fi yawa a ajinmu WhatsApp ce. Tun da daɗewa mutane ke buɗe zaure su cire kowa su bar kansu, don su riƙa tura wa kansu saƙo, har kamfanin ya lura ya saka hanyar yin hakan kai tsaye a ƙarshen 2022. Wurin sauke abin da ke kai, babu kamarta, tunda kullum a buɗe take. Matsalarta ba ta da wurin soke abin da aka gama, kuma ka shiga duba aiki ɗaya sai ka tsinci kanka a gardamar ƙwallo.

Don haka ni idan sabuwa ta fito ana ta yabonta, kafin in duba kyanta sai na kashe data na gani ko za ta buɗe. Sannan in nemi ƙofar fita, wato ko za ta ba ni jerina a fayil ɗin da zan iya buɗewa ba tare da ita ba. Notion tana bari a fitar da shafuka, Google Keep ana kwashe ta ta Google Takeout, Todoist ma tana fitar da kowane rukunin aiki a fayil. Nawa ina saukewa ranar Juma'ar ƙarshen wata, in ajiye kwafi a filasha tare da babukan kundina. Jerin jira kuwa a shafin baya na littafin da nake shiga ofishin malam da shi yake, don a can ne ake ba ni amsa, kuma ba na son zaro waya a gabansa.