Gujarat: Tashoshin da Suka Cike da Rijiyoyin da Suka Wanzu

Duk wanda Allah Ya hore wa hali har ya ƙulla niyyar zaga jihar Gujarat, wadda ke yammacin Indiya, ya kamata tun kafin ya tsara masaukai da ranaku ya san cewa ƙasar nan, ko da yake tana da daji da duwatsu da hamadar gishiri, fuskarta tun fil azal teku take kallo. Domin gaɓarta ta haura kilomita 1,600, kuma mafi yawan gine-ginen da baƙi ke tururuwar gani a can cikin tudu, da ribar fataucin teku aka ɗora harsashinsu. Wanda ya jahilci wannan zai ga duwatsu masu ado, amma ba zai fahimci abin da ya tara su ba.

Uwar tashoshin ƙasar a zamanin da ita ce Kambaya, wadda yau ake kira Khambhat. Al-Mas'udi ya ziyarce ta wajen shekarar 915, ya tarar da Musulmi 'yan kasuwa zaune cikin aminci a ƙarƙashin sarakunan Hindu. Ibn Batuta kuwa, wanda daga baya ya ratsa Mali har ya sauka Takadda a cikin ƙasar Nijar ta yau, ya iso ta wajen 1342, ya yaba kyan gidajenta da masallatanta, ya kuma ambata cewa galibin mazaunanta baƙin attajirai ne masu gasar gini. Babban masallacinta na shekarar 1325 yana nan tsaye, kuma a jikinsa akwai kabarin wani hamshaƙin attajiri, Umar ɗan Ahmad al-Kazaruni. Daga wannan gari ne aka riƙa fitar da yadudduka da shuni da allunan kaburbura na farin dutse, waɗanda aka samu irinsu daga Kilwa da Adan har zuwa Sumatara. Amma sana'ar da ta fi cancantar mai ziyara ya tsaya a kanta ita ce ta dutsen aƙiƙ, wadda ba ta mutu ba har yau: a shanya ɗanyen dutsen a rana, a zuba shi cikin tukwanen ƙasa a gasa har ya yi jajawur, a fasa shi da 'yar gudumar ƙaho a kan tsinin ƙarfe, sa'an nan mai huda ya zauna a ƙasa yana jan baka gaba da baya, masokinsa mai bakin daimon yana cin dutsen sannu a hankali, ruwa na ɗiga a kai. Irin waɗannan duwatsu sun bi kasuwannin Hijaz, har wasunsu suka iso Afirka ta Yamma ta hannun alhazai da fatake.

Sai dai koguna ba su daina zubo laka da rairayi cikin mashigin tekun ba, har manyan jirage suka kasa isowa bakin gari, daraja ta koma Surat a bakin kogin Tapi. Bayan da Sarki Akbar na daular Mugal ya ci garin a 1573, Surat ta zama mashigar alhazan Indiya, har aka yi mata laƙabi da Ƙofar Makka. Ta nan gwaggon Akbar, Gulbadan Begum, ta bi da tawagar matan gidan sarauta, ta yi zaman jira mai tsawo saboda Turawan Fotugal sun tare teku ba a wucewa sai da takardar izininsu, kafin ta tashi a 1576. A 1644 aka gina wa matafiya da mahajjata katafaren masauki, wanda daga baya ya zama ofishin hukumar birnin. Dukiyar Surat ita ta jawo mata masu kwaɗayi: Turawan Ingila sun kafa gidan cinikinsu a 1613, wani jagoran yaƙi mai suna Shivaji ya washe garin a 1664 ya maimaita a 1670, a 1695 kuma ɗan fashin teku Henry Every ya kama jirgin Ganj-i-Sawai yana dawowa da alhazai, ya yi musu cin mutuncin da ya girgiza daular baki ɗaya. Kafin nan ma, a 1687, kamfanin Ingila ya riga ya mayar da hedkwatarsa Bombai, kuma sannu a hankali manyan jirage suka bi shi can.

To, ina dukiyar waɗannan ƙarnoni ta tafi? Sitocin kaya sun rushe, jirage sun ruɓe, sunayen mafi yawan attajiran sun shafe. Abin da ya saura, sai wanda aka fitar daga aljihu aka sa a inda jama'a za su amfana. Sarki Ahmad Shah ya kafa birnin Ahmadabad a bakin kogin Sabarmati a 1411, ya kammala masallacin Juma'arsa a 1424, mai ginshiƙai 260, inda magina 'yan ƙasa suka zuba gwanintar sassaƙar da suka gada kaka da kakanni. A cikin birnin nan ne kuma wani Bahabashe mai suna Sidi Sa'id, ɗaya daga cikin mutanen Afirka da suka yi wa sarakunan Gujarat hidima, ya gina ɗan ƙaramin masallaci a shekarar da daularsu ke faɗuwa hannun Akbar. A bangonsa na alƙibla akwai taga da aka huda daga dutse, surar itace ce mai rassa suna naɗe juna har sun cika bakan ginin, sirara ƙwarai har mutum ya yi shakkar ko dutse ne. Yau ita ce alamar birnin da hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihin duniya a 2017. Ilmi ma ya sami rabonsa, gama daga Patan ne Shaihu Muhammad ɗan Ɗahir al-Fattani ya fito, mai littafin Majma'u Biharil Anwar a kan kalmomin hadisi masu wuya, wanda ya yi karatu a Makka ya rasu a 1578.

Amma a ganina babu abin da ya kai rijiyoyi masu matakala nuna halin mutanen wannan ƙasa. Da yake ruwan sama ba ya wuce watanni huɗu, daga Yuni zuwa Satumba, sauran shekara kuwa fari ne da zafi, sai suka ƙirƙiri rijiyar da ba guga kaɗai ke sauka cikinta ba, mutum da kansa ke taka matakala har ya iske ruwa duk inda ya janye. A Adalaj, arewa da Ahmadabad kaɗan, Rudabai matar wani basaraken Hindu ta gina irinta a 1499: matakalai uku suna haɗuwa a dandali guda, daga nan a yi ta gangarawa hawa biyar a tsakanin ginshiƙai, haske na raguwa, sanyi na ƙaruwa, ta yadda ayarin da rana ta gasa zai sha ruwa ya yi ƙailula a inuwa. A wancan zamani dai, Bai Harir, wata baiwar Allah daga gidan Sarki Mahmud Begada, ta gina tata tare da masallaci a gefe, aka rubuta tarihinta da Larabci da Sanskirit don kowa ya karanta. Babbar yayarsu ita ce Rani ki Vav a Patan, wadda Sarauniya Udayamati ta gina a ƙarni na 11 don tunawa da mijinta Bhima na ɗaya, mai hawa bakwai da zurfin kimanin mita 27. Ambaliya ta binne ta ƙarnoni da yawa, aka tono ta a ƙarni na 20, yau hotonta ke bayan takardar rufi 100. Famfo ya karɓe aikin mafi yawansu, amma sunayen matan nan uku ba su ɓace ba, alhali na masu jirage dubbai sun ɓace.

Saboda haka, ya kai mai niyyar tafiya, ka zaɓi tsakanin Nuwamba da Fabrairu, kafin zafin bazara ya haura digiri 40. Ka sauka Ahmadabad, ka yi arewa zuwa Adalaj da Patan, sa'an nan ka gangara kudu ta Kambaya zuwa Surat, kada kuma ka yi gaggawa a bakin rijiyoyin nan. In ka dawo gida Allah Ya buɗa maka, ka dubi unguwarku da kyau, ka nemi inda mata da yara ke wahalar ruwa, ka sa wani abu daga dukiyarka a can, domin sadaƙa mai gudana ita ce ribar da ba ta karyewa.