Kogin Gambiya da Lissafin Matuƙan Jirgi

Mai karatu, ka san kogin Kwara da ya ratsa Yamai da Gaya. Ruwansa gangara yake yi kullum, cikarsa kuwa da lokacin shekara take tafiya. To, akwai wani kogi a yammacinmu wanda ruwansa ke komawa baya sau biyu kowace rana. Sunansa kogin Gambiya. Ya taso daga duwatsun Futa Jalo a ƙasar Gine, ya yi tafiyar fiye da kilometir 1,100, ya faɗa teku a birnin Banjul.

Me ke sa ruwa ya koma baya? Wata ne ke jan ruwan teku, rana kuma tana taimaka masa. In teku ta cika, sai ta tura ruwa cikin bakin kogi, ya yi ta hawa wajen awa 6. Sa'an nan ya janye wajen awa 6. Da rani, ana ganin alamar wannan cika har Barakunda, fiye da kilometir 400 daga teku.

Tun kafin zuwan Turawa, mutanen bakin kogin, Mandinko da maƙwabtansu, sun san wannan lissafi. Da shi suke kai gishiri da kifi cikin ƙasa a kwalekwale. A shekarar 1455 wani matuƙi mai suna Kadamosto, wanda ke yi wa Fotugal aiki, ya iso bakin kogin. Mutanen wurin suka tare shi da kibau, ya juya. A 1456 ya komo, ya shiga ciki. Daga baya hanyar ta zama ta fatauci, har da mugun cinikin bayi. Tsibirin da aka riƙa tsare bayi a kansa yana nan, tun 2011 ana kiransa tsibirin Kunta Kinte.

Jiragen wancan zamani ba su da inji. Iska ke tura su, ita kuwa iska ba kullum take biyan bukata cikin kogi ba. Saboda haka cikar teku ita ce jakin da ke ɗaukar kayansu.

Dubi tafiyar Mungo Park, Baturen da aka aiko daga Ingila neman kogin Kwara. Jirginsu ya iso Jufure, kusa da bakin kogin Gambiya, ran 21 ga Yuni 1795. Ran 26 ga wata suka tashi daga garin Bintang. In ruwa na hawa, su bi shi. In ya fara janyewa, su jefa anka, wato ƙarfen nan mai nauyi da ke riƙe jirgi, su zauna jira. Wani lokaci har ƙaramin jirgi suke sa wa igiya ya ja babban. Kwana 6 suka yi a haka kafin su kai Jonkakonda. Daga ƙasar Gambiya ya bi ta tudu, ya ga Kwara a Segu cikin watan Yuli 1796. A tafiyarsa ta biyu ya gangaro Kwara cikin jirgi, ya ratsa ƙasarmu, ya halaka a Busa a 1806.

Yanzu ga yadda matuƙi ke shirya tafiyarsa.

Na farko, ya san sa'a. Cikar ruwa tana makara da wajen minti 50 kowace rana. In yau ruwa ya fara hawa da ƙarfe 6 na safe, gobe sai wajen 7 saura minti 10. Bayan mako guda, sai kusan tsakar rana. Wanda ya ce jiya da asuba ya tashi, yau ma haka, ruwa zai ba shi kunya.

Na biyu, ya dubi wata. Kwanakin tsayuwar wata da kwanakin da ya cika, wajen 14 ko 15, ruwa yana hawa ƙwarai, yana kuma janyewa ƙwarai. Wajen kwana 7 da kwana 22, motsinsa kaɗan ne. Jirgi mai nauyin kaya yakan jira babbar cika don ya ƙetare tudun rairayi.

Na uku, wuri mara zurfi ana shigarsa ruwa na hawa. In jirgi ya kafe, ruwan da ke zuwa zai ɗaga shi. In kuwa ya kafe ruwa na janyewa, sai ya kwanta cikin taɓo, kaya su jiƙe, wani lokaci jirgin ya fashe. Wanda ya kafe a ƙarshen babbar cika yana iya jiran mako biyu.

Na huɗu, ya tuna da damina. In ruwan sama ya cika kogin, gangara takan fi ƙarfi, hawa ya yi wuya.

A zamanin mulkin Ingila, manyan jirage masu inji suna hawa har Kuntaur, wajen kilometir 240 daga teku, su ɗauki gyaɗa. Su ma ba su raina lissafin ba. Yau ana buga takarda mai nuna sa'ar cika da ta janyewa ta kowace ranar shekara. Manoma ma suna cin moriyar abin. Can ciki, inda gishiri ba ya kaiwa, cikar teku tana tura ruwan daɗi cikin gonakin shinkafa ba tare da famfo ba.

Ka gani, mai karatu, matuƙin da ya jefa anka ya zauna ba rago ba ne. Ya ƙirga sa'o'insa, ya san lokacin da ruwa zai ɗauke shi kyauta. Mai gaggawa ya yi ta tuƙi gaba da ruwa, ƙarfinsa ya ƙare, bai kai ko'ina ba. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa.