Katin Sauti: Na Jikin Allo da Na Saye Daban

Kwamfutar IBM ta 1981 ba ta da abin sauti sai 'yar lasifika mai tsuwa. Mai son kiɗa sai ya sayi kati ya soka a babban allon kwamfutar. AdLib na ƙasar Kanada ne ya fara cin kasuwa a 1987, amma Sound Blaster, wanda kamfanin Creative na Singafo ya fitar a 1989, shi ya ƙwace fagen, domin yana naɗar murya ya kuma sake ta.

A 1997 Intel ta fito da tsarin AC'97, aka shiga dasa ɗan guntun sauti a jikin allo tun daga masana'anta, galibi na kamfanin Realtek. Masu harkar sun raina shi, kuma da hujjarsu. Idan aka ja sauti ta ramin analog, hayaniyar wutar cikin akwatin takan biyo, wani lokaci har motsin linzamin kwamfuta ake ji.

Tura sauti a dijital ya sauya lissafin. Ta hanyar S/PDIF, tsarin Sony da Philips, ko ta wayar tagulla ko ta igiyar haske ta TOSLINK, lambobi kawai katin ke aikawa, na'urar hi-fi ce ke mayar da su sauti. Sai matsalar ta koma wani gun. Faifan CD na ɗauke da awon sauti 44,100 a daƙiƙa guda, amma yawancin guntayen AC'97 sai sun juya shi zuwa 48,000 kafin su fitar. Abin da masu saye da yawa ba su lura ba, Sound Blaster Live! na 1998, duk da kuɗinsa, haka yake yi. Tambayar da ta dace ita ce ko lambobin sun isa yadda suka taso, shi ya sa ƙwararru suka riƙa bi ta tsarin ASIO na kamfanin Steinberg don kauce wa mahaɗin sautin Windows, wanda shi ma kan taɓa lambobin.

Akwai kuma rawar agogo, wato lambobin su riƙa isowa ba kan daidai lokaci ba. An sha muhawara a kanta fiye da kima, alhali na'urar hi-fi mai kyau tana rage ta a nata ɓangaren.

HD Audio na Intel ya zo a 2004, ya ba guntun jikin allo damar fitar da 44,100 ba tare da juyi ba. Windows Vista kuma ta cire wa katunan aikin sarrafa sautin wasanni ta tsarinta na DirectSound. Daga nan masu sauraron kiɗa suka karkata ga na'urar juya sauti ta waje, mai jonuwa ta USB.