Jemage da Laikin: Tarihin Rarraba Halittu da Ba Su Kariya

Lokacin da masanin ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, ya shimfiɗa tsarin rarraba halittu a ƙarni na 18, akwai halittu biyu da bai gane gurbinsu ba. A bugu na goma na littafinsa Systema Naturae, a 1758, ya sanya jemage a rukuni ɗaya da mutum da birai, sai a 1779 wani masani mai suna Blumenbach ya ware masa rukuninsa mai suna Chiroptera, wanda a yau ya ƙunshi jinsi fiye da 1,400 na dabbobi masu shayarwa da ke tashi sama.

Al'amarin laikin ya fi ɗaukar lokaci. Laikin shi ne ɓawon nan mai launin toka ko ruwan ɗorawa da ke manne wa duwatsu da jikin itatuwa, kuma Linnaeus ya jera shi cikin tsirrai marasa fure a 1753. A 1867 ne Simon Schwendener na Suwizalan ya bayyana cewa laikin haɗin halittu biyu ne, wato dangin fumfuna da ke gina jiki ya riƙe ruwa, da dangin gansakuka da ke samar da abinci daga hasken rana. Manyan masana sun yi watsi da wannan ra'ayi, har da William Nylander, wanda shi ne ya lura a 1866 cewa gurɓatar iskar birnin Faris tana kashe laikin.

Wannan jinkiri ya bi laikin har fagen kariya. Ƙungiyar kare halittu ta IUCN, wadda aka kafa a Faransa a 1948, ta fara Jan Kundi, wato jerin halittun da ke fuskantar ƙarewa, a 1964, kuma an auna matsayin mafi yawan jemagu, har aka ayyana ƙarewar ƙaramin jemagen Tsibirin Kirsimeti a 2017, bayan an ji kukansa na ƙarshe a 2009. Laikin kuwa, mai jinsi kusan 20,000, bai shiga kundin ba sai a 2003, da jinsi biyu kacal, ɗaya daga ciki Erioderma pedicellatum na dazuzzukan Kanada da Sikandinabiya, wanda aka sanya a matakin haɗari mafi tsanani. Wannan sakaci ne babba, domin halittar da ba a auna matsayinta ba takan ƙare ba tare da wata hukuma ta sani ba.