Shaidar da fitsari ya bayar a kan asfirin

Ƙwayar asfirin da mai tallar magani ke sayarwa a kasuwar Sokode ko tashar motar Dapaong ta girmi kakanninmu. Felix Hoffmann ne ya haɗa ta a kamfanin Bayer na Jamus a 1897, amma sai da aka kwashe fiye da shekara 70 ana haɗiyarta kafin a gane yadda take aiki. A 1971 John Vane na Ingila ya nuna tana hana jiki haɗa wasu sinadarai. A 1975 kuma Bengt Samuelsson da abokan aikinsa a ƙasar Suwidin suka gano tiromboksen, sinadarin da ke kiran ƙananan ƙwayoyin daskarar da jini su dunƙule. Dunƙulewar nan ce ke tsayar da jini idan ka yanke. Ita ce kuma ke toshe jijiya ta jawo bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki.

To, likita ya ɗora dattijo kan asfirin kullum. Ta yaya zai san ta kama shi? Tiromboksen kan lalace cikin kamar daƙiƙa 30, kuma ita kanta allurar ɗibar jinin tana tunzura ƙwayoyin su ƙara fitar da shi, sai awon ya yi ƙarya. Shi ya sa a shekarun 1980 masana suka koma ga fitsari, inda ƙoda ke zubar da ɓurɓushinsa ba tare da an tsokani kowa ba.

A 2002 John Eikelboom da abokansa suka auna fitsarin masu shan asfirin a Kanada. Waɗanda ɓurɓushin ya fi yawa a nasu, haɗarin bugun zuciya, shanyewar jiki ko mutuwa ya kusa ninka na waɗanda nasu ya fi ƙaranci. Nan fa maganar “jikin da ya bijire wa asfirin” ta yaɗu.

Ni dai wannan suna bai kwanta mini ba. Ba duk ɓurɓushin ke fitowa daga ƙwayoyin daskarar da jini ba. Kumburin cikin jiki, taba da ciwon suga duk suna ɗaga shi. Wani kuma ba ya shan maganin ne, yana jin nauyin faɗa wa likita. Wani yana sha, amma ya riga ya haɗiyi ibuprofen don ciwon baya da asuba, alhali tun 2001 aka nuna cewa idan ibuprofen ya riga asfirin shiga jiki, yakan tare mata gurbin da za ta kama.