Amsar Wasiƙa: Asalin Littattafan Ɓarayi da Hausa

Malam mai sauraronmu daga Kiru, ka tambaya ko labarin ɓarayi da kisan kai a littafi baƙon abu ne gare mu. To, tun shekarun 1930 aka buga Jiki Magayi a Zariya, labarin ramuwar gayya. Amma a 1982 abin ya kankama, bayan gasar Gwamnatin Tarayya. Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina ya tona asirin 'yan fasa-ƙwauri, Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare kuwa ya bi sawun 'yan bindiga bayan Yaƙin Basasa. Ka lura, abin da mutane ke raɗa a kasuwa suka rubuta.

Tunda ka ce kana son gwadawa, ai ga dajin Falgore nan ta wajen Doguwa, direbobi da fatake sun sha ba da labarinsa. Sai dai kada ka nuna mana ɓarawon tun shafin farko.