Kwana 14 a otel: yadda korona ta kuɓuce wa Melbourne

A ranar 27 ga Maris 2020, gwamnatin Ostireliya ta sanar da cewa duk wanda ya dawo daga ƙasar waje za a killace shi kwana 14 a otel. Jihar Victoria ta samu kimanin sa'a 36 ne kacal ta tsara shirin. Otel-otel na Melbourne a lokacin sun zama kufai saboda rufe iyakoki, don haka dabarar ta burge kowa: ga ɗakuna babu baƙi, ga matafiya babu wurin ajiye su.

Killace matafiya tsohon abu ne. A 1377 birnin Ragusa, wato Dubrovnik ta yau, ya wajabta wa masu zuwa daga wuraren annoba zaman kwana 30 a wajen gari, har da tsibirin Mrkan, inda teku ce ke gadi. Otel kuwa a tsakiyar birni yake, an gina shi ne domin jin daɗin baƙo. Da yawa daga tagoginsa ba sa buɗuwa. Matafiyi yana ciki, ana ajiye masa abinci a bakin ƙofa, shan iskar waje ma sai an yi sa'a. Amma mai gadi da mai shara suna tashi aiki su koma cikin iyalansu.

Ta nan aka samu ɓaraka. Jihar New South Wales ta sa 'yan sanda a gaba, sojoji na dafa musu. Victoria ta damƙa gadin ga kamfanonin tsaro masu zaman kansu, su kuma suka sake raba kwangilar ga ƙananan kamfanoni. Masu gadin galibi 'yan aikin wucin gadi ne, ba su samu horon kirki kan kare kai daga cuta ba, kuma ranar da mutum bai fito ba, babu kuɗi. Wanda ke wannan hali ba ya saurin cewa yana jin zazzaɓi.

A watan Mayu cutar ta kama ma'aikata a otel ɗin Rydges da ke titin Swanston, a Yuni kuma a Stamford Plaza. Binciken ƙwayar cutar ya nuna cewa kusan kashi 90 cikin ɗari na waɗanda suka kamu a zagaye na biyu, asalinsu iyali guda ne na mutum huɗu da aka sauke a Rydges. An danganta mutuwar mutum 768 da kamuwar fiye da 18,000 da wannan sakaci. Melbourne ta yi kwana 112 cikin dokar kulle.

Kwamitin bincike ƙarƙashin tsohuwar alƙaliya Jennifer Coate ya tambayi wanda ya yanke shawarar ɗaukar masu gadin haya. Firimiya Daniel Andrews da ministocinsa da manyan jami'ai kowa ya ce ba shi ba ne, har rahoton ya kwatanta shawarar da maraya. Ministar lafiya Jenny Mikakos ta yi murabus a Satumba.

Daga baya aka gina sansanin killacewa na musamman a Mickleham, bayan gari, mai ɗakunan da ke buɗewa zuwa fili. An buɗe shi a Fabrairun 2022, watan da Ostireliya ta sake buɗe iyakokinta ga masu yawon buɗe ido, aka rufe shi a Oktoban wannan shekarar.